Kwalbar Sakatariya

Sallama gare ku masu bibiyata. Kafin komai, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto mini a ƙarƙashin rubutun da ya wuce cewa, "Ke dai kin cika tsirfa, namiji mai haƙuri irin wannan a ina ake samunsa yanzu?" 'Yar'uwa, na gode da nasiha. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama ki turo mini lambarki in miƙa masa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, a gidanmu Lauya ake ce mini. Ban taɓa taka ƙofar makarantar shari'a ba. Abbanmu ne, Allah ya jiƙansa, ya laƙaba mini sunan tun ina ƙarama, don ko ruwa aka ce in ɗebo sai na tambayi dalili. A shagon gilashin ido nake aiki, ni ce mai tsayawa da ƙaramar sanda a hannu a gaban allon haruffa ina tambayar mutane, "Wannan fa, wane harafi ne?" Tunda Abba ya rasu, yayyena kuma kowa ya kama gabansa, mu uku muka rage a gida: ni, Mama, sai Sakatariya.

Sakatariya karyar Abba ce. Shi kafinta ne, shagonsa a jikin gidanmu yake, ya ɗauko ta tana 'yar mitsitsiya don gadin katako. Ta girma ta mayar da bakin ƙofar shagon ofishinta. Wanda ta ga dama ya shiga, wanda ba ta ga dama ba sai ya tsaya daga nesa ya yi ta kwaɗa sallama, shi ya sa Abba ya sa mata wannan suna. An rufe shago, an sayar da injuna, amma har yau kullum da safe sai ta je ta kwanta a bakin ƙofar da ba a buɗewa. Mama ba ta taɓa barinta ta tsallake dokin ƙofar ɗaki ba. Kwanonta daban, kwanciyarta a bayan gida, in kuwa ta shinshini wankin Mama a kan igiya to sai an sake shi daga farko. Duk da haka Mama ce ke fara tashi ta zuba mata ruwa, tana zubawa tana yi mata faɗa.

Sai kuma shi gogan naku. A gidanmu Manaja suke ce masa, saboda a kamfanin inshora yake aiki kuma ofishinsa yana da ƙofar da ake rufewa. Ni dai a wayata "Babu Damuwa" na ajiye sunansa. Ina za mu je? Babu damuwa. Yau ba na son fira. Babu damuwa. Na taɓa ce masa shuɗi yana yi masa kyau, a ranar kuma Gwaggo, ƙanwar Abba, ta ce masa shuɗi yana ƙara masa duhu, fari ne nasa. Zuwansa na gaba sai ga shi da riga mai ratsin shuɗi da fari. Gwaggo ta ce wannan shi ne ladabi. Ni kuwa na tsaya ina kallon rigar ina tunanin haka zan ƙare rayuwata, rabi nawa rabi na Gwaggo.

Mama kullum cewa take, "Ba wanda ya ce dole." Gaskiya ne, ba wanda ya ce. Sai dai ba a shan shayin safe a gidanmu ba tare da an ambaci Manaja ba, kuma Gwaggo tana kiran wayata a wurin aiki don kawai ta tambaye ni ko na san shekaruna. Mutanensa suna jira, amsa kawai ake so daga bakina, eh ko a'a, ni kuma na kasa furta ko ɗaya.

Ana cikin wannan ja-in-ja na gano ƙarin. Ina cire wa Sakatariya kaska a bayan gida, ta yi rigingine tana jin daɗi, sai hannuna ya ci karo da wani abu a ƙasan cikinta, kusa da nono. Tauri gare shi, girmansa ya kai ƙwai. Na danna, ko gezau ba ta yi ba, sai ma kaɗa bindi da take yi. Ni ce na zauna daɓas a kan siminti da abin cire kaskar a hannu.

Manaja ne ya kai mu asibitin dabbobi ranar da aka sa za a yi mata aiki. A ba shi haƙƙinsa, ya shimfiɗa tsohon labule a kujerar baya, ya sauke gilasai duka, bai ce uffan ba duk da na san yadda yake ji da motar nan. Ɗakin jira ɗan ƙarami ne, benci biyu, warin maganin kashe ƙwayoyin cuta, bango cike da hotunan tsutsar ciki an zana su manya-manya kamar abin alfahari. Wata mata na rungume da mage a cikin kwando, wani dattijo kuma ya zo da akun da ya daina magana. Manaja ya zauna a can ƙarshen benci, ya tattare ƙafafun wandonsa, yana yi wa kowa murmushi har da akun.

Likitar wata gajeriyar mata ce mai takalmin roba, gilashinta ɗaure da igiya a wuya. Da aka gama ta fito tana cire safar hannu, ta ce aiki ya yi kyau, Sakatariya tana farfaɗowa. Sannan ta kira mu ofishinta ta dire wata kwalbar roba mai jan murfi a kan tebur. A ciki wani curin nama ne fari-fari, yana iyo a cikin ruwan magani mai warin da ke sa ido hawaye.

"Ga abin da muka ciro," ta ce. "Yanzu tambaya ɗaya ce. A kai shi ɗakin gwaji, ko a zubar?"

"Ke da kika gan shi da idonki, Dakta, me kika gani?"

"Na ga ƙari." Ta ɗora gilashinta a hanci. "Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama inda yake, a cire shi a manta da shi. Akwai mai yaɗo, wanda kafin ki gan shi ya riga ya tura 'ya'yansa gaba. A ido kamarsu ɗaya, a hannu ma haka. Duk likitan da ya ce miki ya gane da ido, canki-canka yake yi. Sai an yanka shi siriri-siriri an duba a madubin ɗakin gwaji. A nan za a san ko wane iri ne, a kuma san ko wuƙata ta kwashe shi duka ko ta bar saura a gefe."

"In mugun ne fa?"

"Sai mu sani da wuri. Mu sa mata ido, wataƙila mu sake shiga mu faɗaɗa yankan. In ba mu sani ba kuwa, sai mu zauna mu jira ya gaya mana da kansa." Ta ɗan ɗaga kafaɗa. "Wasu sukan ce ba sa so. Dabba ta tsufa, ko me aka gani ba za su sake bari a kwantar da ita a yanka ba. Wannan ma magana ce, ba na ganin laifinsu. Ke ce mai ita."

Na juya na kalli wanda ake so in ɗora rayuwata a hannunsa. "Manaja, me ka gani?"

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar mai shirin yanke hukunci. "Gaskiya bayanin Dakta ya gamsar ƙwarai." Ya juyo gare ni. "Kuma su ma waɗanda ba sa yi ɗin, suna da hujjarsu."

Dakta ta dube shi ta saman gilashi, ta dube ni. Na ji kunya kamar ni na faɗa.

Akwai abin da ban taɓa ba ku labarinsa ba, dole yau in faɗa don ku san me ya sa na nace a kan kwalbar kare. Abba ma da ƙari ya fara, a gefen wuya. Ba ya ciwo, ba ya hana shi aiki, har tsokana yake yi da shi wai ajiyarsa ce. Aka cire masa a wani ƙaramin asibiti, aka yi zancen gwaji sama-sama, manyan gida suka ce an cire, an huta, me za a tono? Aka zubar. Ya dawo gida ya ci gaba da aske katakonsa, muka yi ta murna. Da abin ya dawo, ba a wuya kaɗai ya dawo ba. Likitan da muka gani a ƙarshe tambaya ɗaya ya yi mana, "Na farkon da aka cire, me gwaji ya nuna?" Duk muka sunkuyar da kai. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma shirun da muka yi a ofishin nan har yau yana cina, kuma na rantse ba zan sake yin irinsa ba, ko a kan wa, ko da a kan karyar da ke kwana a bayan gida ce.

"A kai," na ce.

Dakta ta ce ɗakin gwajin yana can ɗaya ɓangaren gari, cikin layin manyan ofisoshi, kuma mai kai musu saƙo ba ya nan. In da mai miƙawa, su za su turo mata sakamako in ya fito, sai dai yana ɗan ɗaukar lokaci. Kafin in buɗe baki Manaja ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar.

"Ai bayan ofishinmu ne. Babu damuwa."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, ranar ce rana ta farko da kalmar nan ta yi mini daɗi a kunne. Na dube shi riƙe da naman kare da yatsu biyu, fuskarsa na nuna yana danne amai, na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina.

Mama na tsaye a bakin ƙofar gida da muka iso, wai fitowa ta yi shan iska. Aka sauko da Sakatariya tana tangaɗi, an saƙala mata wata roba a wuya mai kama da mazurari don kar ta lashi ɗinkin. Mama ta ce, "Sannu, 'yar wahala," a hankali yadda take zaton ban ji ba. Sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke gaban mota.

"Wannan kuma mene ne?"

Na yi mata bayani. Kafin in kai ƙarshe fuskarta ta canza, irin canjin da ban taɓa gani ba.

"Gwaji? Na kare? Lauya, kanki ɗaya kuwa? Mutanen unguwa su ji an ɗauki naman kare a mota ana yawo da shi ofis-ofis?"

"Mama, don a san ko mai yaɗo ne."

"In an sani sai me? An cire, an huta. Me kuke tonowa? Mutum yana zaman lafiyarsa sai an nemo masa sunan cuta an rataya masa a wuya?"

"Haka aka ce a kan Abba."

Na faɗa kafin in auna. Mama ta kau da kai. Ni ma na ja igiyar Sakatariya na shige ciki, idona ya cika taf. Ina gyara mata shimfiɗa a bayan gida na hango Mama ta tsaya a jikin tagar mota tana magana ƙasa-ƙasa, Manaja yana ta gyaɗa kai. Ƙarshen maganar kawai iska ta kawo mini, "Babu damuwa, Mama." Duk mai hankali a nan zai tsargu. Ni kuwa na ce ai haƙuri yake ba ta.

Washegari ina wurin aiki na tura masa saƙo, "Ka kai?" Amsa ta zo nan take, "An gama, Gimbiya." Na yi ajiyar zuciya. Na ce ashe mutumin nan yana da ƙashin baya, ɓoye shi yake yi. Ya tsaya tsakanina da Mama, ya zaɓi gaskiya, bai kuma yi hayaniya ba. Da na koma gida na ce wa Mama ta gaya wa Gwaggo ranar Asabar zan ba da amsa. Ban faɗi wace amsa ba, amma Gwaggo ta kira ni tana dariya tana kuka, har da cewa dama ta san ni 'yar albarka ce, bakina ne kawai ya yi tsawo.

Daga nan kuma sai Manaja ya yi sanyi. Mutumin da ke turo mini "barka da safiya" da hoton fure tun kafin in buɗe ido, sai ga shi rana ta take bai ce komai ba. In na kira muryarsa can ƙasa. Ranar Alhamis, ina tsaye a shago wata tsohuwa na gwada gilasai tana cewa duk sun mayar da ita mujiya, na ciro waya na rubuta masa. Na kwafo muku firar yadda take, ban gyara ko harafi ɗaya ba.

Ni: "Manaja lafiya kwana biyu ka yi sanyi? Me ke damunka?"

Shi: "Wallahi Gimbiya na kasa sukuni. Maganar da na fada miki ranar, ta karya ce. Ki yi hakuri."

Ni: "Haba, don wannan? Ba komai wallahi. Ni ma abin yana raina, amma kar ka sa wa kanka damuwa. Allah ya saka da alheri."

Na haɗa masa da jar zuciya, abin da ban taɓa tura masa ba.

Shi: "Allahu akbar. Ban taba ganin mace irinki ba."

Na rungume wayar a ƙirji. Na ce dubi bawan Allah, karyar ubana ce ta hana shi sukuni, yana ta zullumin sakamakon gwaji har yana ba ni haƙurin jira. Tsohuwar ta dube ni ta cikin gilashin gwaji ta ce, "Yarinya, wannan murmushin ba na albashi ba ne." Na ce mata ta karanta layi na ƙasa.

Asabar ta zo. Tun da hantsi Gwaggo ta iso da jakarta mai nauyin tsiya, ta sa aka sauke labulen falo aka ɗaura na baƙi, aka fito da kofunan gilashin da tun auren Yaya ba a taɓa su ba. Ta feshe falon da turare har Sakatariya ta yi ta atishawa daga bayan gida. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin zare a hannu, mayafi ruwan madara, da 'yan kunnen da Abba ya saya mini. Na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Gwaggo ta zagaye ni tana duba ni kamar kujerar da za ta saya, ta ce in rage ɗaure fuska, in kuma bar "me ya sa" a ɗaki. Mama tana kujerarta ta kusa da taga cikin babban mayafinta mai ruwan toka. Tun ranar da na ambaci Abba maganarmu ba ta cika wuce gaisuwa ba.

Da na ji ƙarar motarsa na fita tarbarsa, karo na farko a tarihin zuwansa gidanmu. Ya fito cikin fararen kaya sai ƙyalli yake yi, fuskar nan fes, ya dawo Manajansa na da.

"Gimbiya, taya ni da kayan nan."

Ya buɗe bayan mota. Ledoji ne na lemo da tuffa da ayaba, da wani kwali mai ɗaure da jan zare. Na ɗaga ledar lemo, sai wani abu ya gangaro daga cikin tsohon tawul ya tsaya a jikin tayar safaya. Kwalbar roba ce mai jan murfi.

Curin naman yana nan yana iyo abinsa, ya sha yawon gari, ya je ofis ya dawo, ya je masallaci, wataƙila har wurin wankin mota.

"Manaja. Mene ne wannan?"

Ya leƙo, ko a jikinsa. "Oh, ita ce ai. Ina ta so in tambaye ki yadda za a yi da ita."

"Ba ka ce an gama ba?"

"Ai na gaya miki gaskiya daga baya." Ya dube ni da mamaki na tsakani da Allah. "Kika ce ba komai. Har zuciya kika turo mini."

"Yaushe ka gaya mini?"

Ya ciro waya, ya lalubo saƙon, ya karanta mini da bakinsa. "Maganar da na faɗa miki ranar, ta ƙarya ce."

Ƙarya. Da bakinsa ya fito da ita sarai, da "ƙ" ɗinta mai lanƙwasa, wadda wayarsa ba ta da ita, tawa ma ba ta da ita. Shi yana can yana tuba, ni ina nan ina karanta sunan dabba. Ya ce mini ya yi ƙarya, na ce masa Allah ya saka da alheri. Ni da nake cin abinci da tambayar mutane wane harafi ne wannan.

"Mama ce ta ce in jefar," ya ci gaba, yana sosa ƙeya. "Ke kuma kin ce a kai. Na je har bakin ɗakin gwajin, wallahi na je, sai na tuna fuskar Mama. Na tsaya a wurin zuba shara, sai na tuna taki. To ni ya zan yi? Ban son in ɓata wa kowa."

"Sai ka ajiye ta kusa da taya."

"Na naɗe ta da tawul," ya ce, kamar wannan ne zai wanke shi.

Ban san lokacin da na dire ledar lemon a ƙasa ba. Na ɗauki kwalbar na juya. Yana bina yana "Gimbiya, Gimbiya, tsaya mana," lemo na gangarewa cikin kwata.

Na shiga falo na dire ta a tsakiyar tebur, tsakanin kofunan gilashi da farantin biskit. Gwaggo ta matso da fara'arta, tana zaton tsaraba ce. Ta leƙa, ta ja da baya, ta saki salati.

"Lauya! Wace ƙazanta ce wannan a gaban baƙo?"

"Baƙon ne ya kawo ta, Gwaggo."

Manaja ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe su da muryar da ba ta fita sosai. Mama ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Ɗana, ba ka ce mini ka jefar ba?"

"Cewa na yi babu damuwa, Mama."

"Ni kuma ya ce mini an gama," na ce. "Ga shi nan, bai jefar ba, bai kai ba. Ku kuka ce ba a samun irinsa, to gaskiyarku."

"Ke rufe mana baki!" Gwaggo ta daka mini tsawa. "A kan naman kare za ki watsa wa kanki ƙasa a ido? Yaro ya girmama uwarki, ya lallaɓa ki, laifi ne? Wallahi da yayana yana raye..."

"Da an kai nasa gwaji, Gwaggo, wataƙila da yana zaune a nan ya faɗi abin da zai faɗa da bakinsa."

Kwallin da na ɓata lokaci ina gyarawa ya gangaro har haɓata, ban share ba. Na ce ni ba na neman komai a wurin kowa, abu ɗaya nake so, in sani. In mai zama ne in yi barci, in mai yaɗo ne a sake yanka tun da sauran lokaci. Na ce na gaji da zaman gidan da ake rufe abu da mayafi a ce an huta. Manaja yana durƙushe yana kallon kafet kamar a nan aka rubuta masa amsa.

Sai Mama ta miƙo hannu. Matar da ke sake wanki don kare ya shinshina, ita ce ta ɗauki kwalbar nan da hannunta, ta ɗaga ta saitin hasken taga. Ta daɗe tana juya ta a hankali, curin yana tafiya yana dawowa.

"Likitar cewa ta yi da ido ba a ganewa?"

"Eh, Mama."

"Da hannu ma?"

"Da hannu ma. Sai an gwada."

"Ko da ba ya ciwo?"

"Ta ce ciwo ba shi ne ma'auni ba. Na Sakatariya ma ai ba ya yi mata ciwo."

Ta gyaɗa kai. Muryarta ta yi ƙasa sosai, ba irin ta faɗa ba. "In ƙarami ne fa? Kamar ƙwallon dabino haka. In ya daɗe a wurin bai ƙaru sosai ba."

Na ɗan yi dariyar da ba ta da daɗi, ina goge hanci da bakin mayafi. "Mama, wane ƙwallon dabino? Ga shi a hannunki kina gani, na Sakatariya ai ya kai ƙwai."

Ta sauke kwalbar a kan cinyarta ta riƙe da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuma sai yanzu na lura da inda yake, a ƙarƙashin mayafi, dafe da gefen ƙirjinta na hagu.

"Na sani, Lauya," ta ce. "Ba nata nake tambaya ba."